Ɗawafin da Na Yi a Fagge

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko na so in manta mutanen Fagge ba za su bar ni ba. Har gobe in na ratsa ta bakin Kantin Kwari sai wani ya ɗago kai daga kan dilar atamfa ya ce, "Allah gafarta Malam, ya labule?" Sai in yi kamar ban ji ba in ƙara sauri, ina cizon leɓe. Tunda kowa ya ba da labarin nan yadda ya ga dama, da ƙari da gishiri, yau ni ma zan ba da nawa, a ji daga bakin mai shi.

Bari in fara da wanke kaina, don an zalunce ni. Ni ban taɓa buɗe baki na ce wa wani mahaluƙi na je Makka ba. Ban taɓa ba! Duk wanda ya ce ya ji haka daga bakina ya fito mu dafa Alƙur'ani.

Aikina bita ne. Duk shekara in aikin Hajji ya ƙarato, Alhaji Sabo, wani mai jigilar alhazai da ke da ofis a Fagge, yakan tara min maniyyatansa a zauren wata makarantar Islamiyya, Asabar da Lahadi, in koya musu aikin tun daga ɗaura harami har ɗawafin bankwana. Muna da wani akwatin katako da kafinta ya haɗa mana, tsayinsa ya ɗan wuce ƙirjina, mun lulluɓe shi da baƙin yadi. Shi muke sawa a tsakiyar zaure mu riƙa zagayawa, ina gaba da sanda suna biye da ni muna "Labbaika". Shekara tara ina wannan aiki, kuma ba yabon kai ba, hukuncin Hajji ko cikin barci aka tashe ni zan zubo shi.

To ina Alhajin ya samo asali? Ai kun san garin nan. A Kano duk wanda ya ajiye ɗan tumbi ya sa riga mai aiki ya zama Alhaji, ko Zariya bai taɓa wucewa ba. Ɗan adaidaita zai ce maka Alhaji, mahauci zai ce maka Alhaji, ba wanda ya taɓa cewa ka nuna fasfo. Ni da Malam na fara. Sai wata shekara ƙanen matata ya dawo daga Hajji ya kawo min tsarabar jallabiya da makawiya, jan ƙyallen nan na Larabawa. Na rataya makawiyar a kafaɗa na tafi bita. Wani dattijo ya ɗaga hannu zai yi tambaya ya ce, "Alhaji Malam…" Wallahi na buɗe baki zan gyara masa, sai na ji sunan ya zauna a kunnena daram, na mayar da bakin na rufe. Kafin shekara ta zagayo Alhaji Sabo ya buga shi a takardar talla. In wani ya ce ina haƙorin Makkana, sai in ɗaure fuska in ce sa haƙorin zinare ba ya cikin farilla ba ya cikin sunna (wanda kuma gaskiya ne, ku duba littafi).

Mutum biyu ne kawai ba su taɓa kirana da sunan ba. Ta farko matata, wadda ta san ko filin jirgi rakiya ce ke kai ni. Duk ranar da na rataya makawiya sai ta ce, "Malam, rana dubu ta ɓarawo fa." In ce, "Me na sata? Suna ne aka ba ni kyauta." Ta biyun kuwa Alhaja Sikira ce, wata dattijuwar Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari mai sayar da leshi a Kwari, wadda ta je Hajji har ta daina ƙirgawa. Duk shekara sai ta kawo 'yan uwanta da 'yan unguwarsu bita, ta zauna can baya da carbi tana kallona. Kowa na cewa Alhaji Malam, ita sai dai "Malam, ina kwana." Abin ya daɗe yana cin raina, na ɗauke shi raini ne irin na masu kuɗi.

Bara waccan, ana saura wata biyu a fara tashin alhazai, Alhaji Sabo ya kira ni ofis yana ta fara'a. Ya ce, "Akaramakallahu, zamani ya zo mana har gida. Ɗan Alhaja Sikira, Fatai, yana da wani tabarau da in mutum ya sa zai gan shi tsaye a cikin Harami. Bana da shi za mu yi bita. Akwatin nan ma ya tsufa, mu ba shi hutu." Akwatin nan ai ni ne. In tabarau zai kai mutum har gaban Ka'aba, wa zai ƙara bin wani malami da sanda yana zagaya katako? Na ce masa sai na je na duba abin da idona, don lamarin addini ba a shigo masa da abin wasa haka kawai.

Washegari da hantsi na hau adaidaita sai Sabon Gari. Shagon yana wani lungu bayan masu sayar da janareto. Jama'a, abin da na gani! Ƙarti majiya ƙarfi, wasu da gemu, kowa an ɗaure masa wani abu kamar ƙaramin akwati a fuska. Wannan yana kai wa iska naushi, wancan ya rungume kujera yana ihu wai mota za ta faɗa rami da shi, wani kuwa ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin teburin da babu shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina salati.

Fatai ya fito da sauri ya rusuna ya gaishe ni. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, mai ladabi, Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu (wannan ma yana cikin abin da ya ba ni haushi, don na so in same shi da laifi). Ya ce, "Baba Malam, kada wannan hayaniya ta tsorata ka. Sunan abin VR, kuma ba wasa kaɗai ake yi da shi ba. Ranar Laraba makarantu ke kawo ɗalibai, su shiga cikin zuciyar ɗan Adam su ga yadda jini ke gudu, su je duniyar wata su dawo. Na Haramin ma yana nan. Zo mu shiga ɗakin ciki ka gwada, daga ni sai kai."

Da ina da rabo da na bi shi ɗakin nan. Amma ina! Na kalli tabarau ɗin da wani ya cire yanzun nan, gumi sharkaf, na ce, "Ni? Abin da aka gama harbin dodanni da shi ɗazu shi zan manna a fuskata in kalli Ɗakin Allah? Ka kawo shi ranar Asabar. A gaban jama'a zan sa, in nuna muku kurakuran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya." Ya ce, "Baba Malam, karon farko yakan ruɗa mutum fa." Na ce shi dai ya ruɗa, na kaɗe riga na fita.

Dabarata ke nan. In na tsaya gaban maniyyata na ce hasumiyar nan ba nan take ba, ƙofar nan ba haka take ba, shi ke nan tabarau ya koma wajen masu naushin iska, akwati ya zauna, ni ma na zauna. Kwana uku ina bitar hotunan da ke cikin littattafaina har na haddace sunayen ƙofofi.

Ranar Asabar zauren ya cika ya batse. Ba maniyyata kaɗai ba, har 'yan Kwari da suka ji labari sun rufe shaguna sun zo kallo, da malaman makarantar, da matan unguwa. Da wurin zama ya ƙare aka fitar da lasifika ɗaya waje aka ɗora a kan katanga don na bakin titi su ji (ku riƙe wannan lasifikar a ranku, za mu dawo kanta). An ture akwatina gefe kamar tsohuwar kujera. Fatai ya kafa ƙatuwar talabijin da za ta nuna wa kowa abin da mai tabarau ke gani, kuma don hoton ya fito sosai ya toshe tagogi da wasu baƙaƙen labulaye masu kauri da ya aro a Kwari. Ni kuma ƙaramin abin maganata yana maƙale a wuyan riga kamar kullum.

Na miƙe na gyara makawiya na yi gyaran murya. Na ce, "Jama'a, ba a sayen jabu a hannun wanda ya san na asali. Wanda ya san wuri shi ke gane in an yi masa ha'inci. Bari in duba muku." Aka yi kabbara. Can baya na ji Alhaja Sikira ta yi wani ɗan tari.

Fatai ya jawo wata kujera mai juyawa ya ce, "Baba Malam, a nan za ka zauna. Kai kawai za ka riƙa juyawa, don Allah kada ka tashi." Na kalli jama'a na ce, "Ku ji min yaron zamani! An taɓa ganin mai lafiya ya yi ɗawafi a zaune?" Zaure ya kwashe da dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Ya ce to aƙalla in tsaya wuri ɗaya. Na ce ya yi abin da ya kawo shi. Sai kuma ya ce sai na cire hula, don igiyar ba za ta zauna a kanta ba. Tun daga nan ya kamata in gane ranar ba tawa ba ce. Sanƙon da ko maƙwabtana ba su taɓa gani ba, ga shi a fili gaban mata da maza. Na miƙa hular ina huci, ya ɗaura min abin, ya toshe min kunnuwa da abin ji.

Da fari duhu ne. Sai haske ya buɗe.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Shekara tara ina cewa "za ku ga Ka'aba a gabanku", ashe ban san abin da nake faɗa ba. A raina girmanta bai wuce ɗaki mai tsayi ba, wataƙila don akwatin da na saba zagayawa. Sai ga ta ta tokare sama, baƙa wuluk, rubutun zinare yana sheƙi, sai da na ɗaga kai har ƙeyata ta taɓa baya. Dama da hagu mutane ne cikin fararen kaya suna tafiya kamar ruwa, tsuntsaye na shawagi, kunnena cike da sautin addu'a. Na juya baya, can ma Harami ne. Na dubi ƙasa, farin dabe. Fagge ta ɓace, zaure ya ɓace, hasumiyoyin da na zo ƙirgawa ko tuna su ban yi ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, ni kuwa har hankalina ya kora.

Abin da ya biyo baya, rabi na tuna, rabi a wayar mutane na gani daga baya. Wai abu na farko da na yi shi ne na tuɓe takalma. Sannan na ce da ƙarfi, "Allahu akbar! Ashe haka girmanta yake!" Wai a nan Alhaji Sabo ya daina murmushi. Sai na fara tafiya. Ina kauce wa mutanen da babu su ina cewa "Gafara, bawan Allah", alhali mutanen da ke akwai suna ta janye ƙafafu da jakunkuna daga gabana. Na ji an riƙo min hannu ta baya. Fatai ne yake son ya tsayar da ni, amma ni a tunanina askar ne, 'yan sandan nan da alhazai ke cewa suna korar mutane daga jikin Ɗaki. Na fizge na ture shi na ce, "Sake ni, askar! Shekara tara nake jiran ranar nan!"

Na miƙa hannu gaba. Da iska na taɓa, da na farka. Da bango na taɓa, da na farka. Amma don ƙaddara ta riga fata, sai tafin hannuna ya sauka a kan yadi mai kauri mai laushi, daidai lokacin da idona ke ganin baƙar rigar Ka'aba a gaban hancina. Ku gaya min, wane ɗan Musulmi ne zai tsaya bincike? Na damƙe shi da hannu biyu, na manna fuskata, na fashe da kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Na fara addu'a, kuma ba da Larabcin da nake burge maniyyata da shi ba, da Hausa tsantsa wadda ko yaron goye zai gane.

"Ya Ubangiji, kai ka san ban taɓa zuwa ba! Ka san iyakata filin jirgi, in raka mutane in dawo gida. Makawiyar nan ta ƙanen matata ce. Ka yafe min Alhajin da ake kirana ina amsawa. Ka kawo ni da ƙafata ko sau ɗaya ne kafin in mutu, ya Allah, ko sau ɗaya!"

Ina faɗa ina jan yadin, ina ƙara ja. Sai na ji ƙaras, sannan ƙwal a tsakiyar sanƙona. Ƙarfen labule ne ya tsinko daga bango da ƙusoshinsa. Labulen ya rufto min, tabarau ya zame ya koma wuya, ranar Fagge ta shigo ta taga ta haske ni ina durƙushe, ba hula, ba takalmi, hawaye da majina, na rungume yadin Kwari.

Zaure ya yi tsit, ko tari babu. Abin da kawai ake ji shi ne shessheƙata, tana fita ta abin maganar da ke wuyana, ta bi waya, ta fita ta lasifikar kan katanga har bakin titi inda masu shayi da 'yan adaidaita suka tsaya cirko-cirko. Sai wani tsoho daga cikin maniyyata, mutumin ƙauye, ya ɗaga hannu da iyakar gaskiyarsa ya ce, "To yanzu Malam ya samu Hajjin ke nan, ko da saura?"

Wayyo! Kamar an fasa madatsar ruwa. Har da masu faɗowa daga benci. Kuma abin da ke ƙona min rai har yau, rabin masu dariyar nan Alhazan tumbi ne irina, na san su sun san ni, wasunsu ko fasfo ba su taɓa yi ba. Amma da yake ba su aka kama da labule a hannu ba, su ne har da share hawaye. Na miƙe na ce, "Jama'a, misali ne! Ina nuna muku yadda ake ƙanƙan da kai ne a wurin!" Wannan ya fi na farko muni, don wanda ya fara yin shiru ma sai da ya koma. Na juya kan Fatai na ce me ya hana shi kashe lasifika. Ya ce, "Baba Malam, ai na zo riƙe ka, ka ce min askar."

Alhaji Sabo ya ja ni ofishin shugaban makarantar ya turo ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Shekara tara, Malam! Na buga ka a takarda, na ce wa duniya mai bitata ya san ƙasa mai tsarki kamar tafin hannunsa. Gobe me zan ce wa mutane?" Na ce, "Alhaji, ka taɓa tambayata?" Ya ce, "Haba! Ana tambayar malami mai makawiya ko ya je Makka? Ai rashin kunya ne." Ya ce in je gida in huta, zai nemi wanda zai ƙarasa bitar bana. Na tsaya ina kallon ƙafafuna marasa takalmi. Aikin nan shi ne cina, shi ne mutuncina, ga shi ya tafi a kan labulen aro.

Sai aka turo ƙofa ba sallama mai tsawo. Alhaja Sikira ce, hulata a hannunta. Ta miƙo min ta ce, "Malam, rufe kanka tukuna." Ta samu kujera ta zauna, ta dubi Alhaji Sabo ta ce, "Kai yau ka sani? Ni tun shekarar farko na sani."

Na ce, "Alhaja, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Kai. Ba kai kake ce musu in za su yi ɗawafi da azahar su riƙa ɗaga ƙafa da sauri don dabe na ƙuna ba? Simintin Fagge ka auna da shi. Farin dutsen nan na wajen ɗawafi sanyi gare shi ko rana ta take. Duk wanda ya taɓa taka shi ba zai faɗi haka ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara tara ina sa bayin Allah suna tsalle-tsalle a zaure kamar masu taka garwashi, har ina gyara wa wanda bai ɗaga ƙafa sosai ba. Alhaji Sabo kansa ya sha taka dutsen nan, amma da yake bai taɓa zama ya saurari bitar da yake tallatawa ba, bai sani ba. Ya ce, "To Alhaja, kin sani kika yi shiru, kuma kike ta kawo mana mutane?"

Ta ce, "In tona wa malami asiri in samu me? Ni dai na ga duk wanda na kawo wajensa ya je ya dawo bai yi kuskuren da zai ja masa yanka ba. Tabarau ɗin ɗana zai nuna musu wurin, wannan gaskiya ne, kun ga ma yadda yake nunawa. Amma tsohon da ya manta ko zagaye huɗu ya yi ko biyar, tabarau zai gaya masa abin da zai yi? Ku bar wannan ya nuna, wannan ya koyar. Sai dai Malam, ka fita yanzu ka faɗa musu da bakinka, idonka a buɗe. Kuma ka ajiye ƙyallen nan."

Na so in yi gardama, wallahi na so. Amma me ya rage da ban faɗa a lasifika ba? Na ninke makawiya na sa a aljihu, na koma zaure na tsaya kusa da akwatina. Na ce, "Jama'a, sunana Malam. Ban je ba. Abin da ke cikin littafi na sani, abin da ke can kuwa ku za ku je ku dawo ku ba ni labari. Kuma maganar zafin dabe ku goge ta." Aka yi dariya kaɗan, tsohon nan ya ce, "Allah ya kira ka, Malam," zaure ya amsa da amin. Alhaji Sabo bai hana ni ci gaba ba.

Kafin in isa gida bidiyon da aka ɗauka a waya ya riga ni. Ina yin sallama matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta rusuna har ƙasa ta ce, "Maraba da Alhaji! An dawo lafiya? Ina tsarabarmu?" Kwana biyu ban yi mata magana ba.

Yanzu tare muke bita da Fatai. Shi ya sa musu tabarau ɗaya bayan ɗaya, kowa a zaune a kujera (ni ke tsawatar wa mai son tashi, ku ji ikon Allah), ni kuma in yi bayani, sannan mu zagaya akwati don ƙafa ta saba. Tsofaffin da da sai sun je can suke ruɗewa yanzu sun san inda za su fara da inda za su tsaya. Na yarda abin yana da amfani, amma ban yafe masa ba. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, wani lokaci da hantsi in shagon ba cika nakan je Sabon Gari, in shige ɗakin cikin nan da na ƙi shiga da farko, Fatai ya rufe min ƙofa. In zauna minti goma ina kallo, masu tseren mota na ihu a ɗaya ɗakin.

Da alhazan shekarar suka dawo na je yi wa Alhaja Sikira barka da sauka. Ta ba ni dabino da ruwan Zamzam, ba ta ba ni makawiya ba. Ta ce, "Malam, na nemi labulenka ban samu ba. Lokacin aikin Hajji naɗe shi ake yi sama, hannu ba ya kaiwa. Wannan ma ka ƙara a darasinka." Na sunkuyar da kai na ce na ji. Ta ce, "Amma na kutsa har jikin bangon na dafa shi, na faɗi sunanka, na maimaita addu'ar nan taka kalma bayan kalma. Ai kowa a Fagge ya haddace ta." Maimakon in yi godiya, sai na kama shan Zamzam ina kallon gefe.

Har yanzu ban je ba, ina nan ina jiran kira. Abin da na koya dai shi ne, in aka ba ka sunan da ba naka ba ka mayar tun a ranar, don mai shi zai zo karɓa a gaban jama'a. In kuma aka ce zo ka gwada abu daga ni sai kai, ka bi mutum salin-alin. Jiya ma wani ɗan adaidaita ya ce min, "Alhaji, ina zuwa?" Na ce, "Malam dai." Ya waiwayo ya ƙare min kallo ya ce, "Au, kai ne na labule? Shigo, Baba."